Na Je Na Ga Kifin da Kuka Ce Maciji Ne

Ranar Talata, ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, bayan mun idar da sallar la'asar, mu uku ne a zaurena a Gubuchi: ni, da ƙanena Garba, da Malam Audu, wanda Alhaji Tanimu na Kudan ya aiko. Daga wannan zama tafiyata ta samo asali, don haka daga nan zan fara. Tun da na dawo ake tare ni a masallaci da kasuwar Makarfi, kowa so yake in ba shi labari daga farko. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura maganata tana ƙara tsawo da zarar ta bar bakina. Shi ya sa na zauna na rubuta, bi da bi.

Ga asalin maganar. Ɗana na fari, wanda muke kira Magaji, ya samu gurbin karatu a ƙasar Maroko, yana nazarin halittun ruwa. Kafin ya tafi an yi masa baiko da Rukayya, 'yar Alhaji Tanimu, malamar firamare. Suna son juna, sa rana kawai ya rage. Sai Magaji ya ɗauki hoto yana dariya, riƙe da wani abu baƙi, dogo, mai santsi, ya naɗe masa a dantse. Ya tura wa abokinsa guda. Kafin Juma'a hoton ya zaga wayoyin Ikara da Makarfi da Kudan, an rubuta a ƙarƙashinsa wai ɗan Malam Haruna ya bar boko ya koma wasa da maciji a ƙasar Larabawa.

Malam Audu ya gama gaisuwa, ya tambayi gida da gona da shanu, sannan ya ajiye waya a kan tabarma da hoton a buɗe.

Ya ce, "Alhaji yana gaishe ka. Ya ce shi manomin rake ne, ya san maciji ciki da waje. Ya ce 'yarsa ba za ta zauna ɗaki ɗaya da kwandon kumurci ba."

Garba ya ce, "Haba Malam Audu, yaron nan ya faɗa a waya, kifi ne."

"Shi ake tuhuma, Garba. Ta yaya zai zama shaida?"

Na ce, "To me Alhaji yake so?"

Ya ciro takarda daga aljihu. Tambayoyi biyar ne da rubutun Alhaji. Ta farko: harshensa reshe biyu ne? Ta biyu: yana saɓa? Ta uku: yana da dafi? Ta huɗu: in an raba shi da ruwa zai rayu? Ta biyar: a tudu yake ƙwai ko a ruwa, kuma ka ga ƙwan da idonka?

Malam Audu ya ce, "In an amsa duka biyar daga bakin wanda ya gani, ba hoto ba, za a sa rana. In ba haka ba, da an gama yankan rake za a dawo muku da kayanku."

Na ninke takardar na sa a aljihun gaba. Na ce, "Ka gaya masa ni zan je. In maciji ne, da kaina zan dawo da yaron, karatu ya ƙare. In kifi ne, zan zo in faɗa a zaurensa."

Garba ya ce, "Yaya, kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ba?"

Na ce, "Ba a taɓa ce wa ɗana gardi a Legas ba."

Na sayar da bijimi ɗaya. Fasfo da biza suka ci mini mako bakwai da zuwa Abuja sau uku, Magaji ya turo takardar gayyata daga makarantarsu. Uwarsa ta cika jaka da kilishi da yaji da kuka da daddawa. Ana gobe zan tashi ta kawo wani ƙunshi daban, ta ce mazarƙwaila ce, Rukayya ta aiko a kai masa, daga raken ubanta. Na sa a ƙasan jaka.

Garba ya kai ni Makarfi a babur. Daga nan na shiga bas zuwa Zariya, daga Zariya zuwa Abuja. Game da jirgin sama ba ni da dogon bayani. Kujerar matsattsiya ce, abincin bai kai cikin cokali ba, kuma na yi salla a zaune ban san ina gabas take ba. Da muka sauka na rama.

A Kasablanka, birnin Maroko da muka sauka, wurin binciken kaya, aka kawo kare ya shinshina jakata ya tsaya. Wani jami'i ya buɗe. Kilishin ya ajiye gefe, ya ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Da ya kai ga mazarƙwailar sai fuskarsa ta canza. Ya juya dunƙulen, ya shinshina, ya kira mutum biyu. Daga baya Magaji ya gaya mini wai ta yi kama da wata ƙwaya da ake safara a can. Ni ba na jin Faransanci, Turancina na aji bakwai ne, sai na ɗauko Larabcin da na koya a zaure, na ce masa wannan sukari ne na rake daga ƙasarmu. Ya dube ni, ya dubi abokansa, ya yi murmushi, ya ce ina magana kamar liman a kan mumbari. Amma bai sake jakar ba. Sai na karɓi wuƙarsa, na ɓantari gutsure, na tauna a gabansu, na miƙa masa. Ya ɗanɗana. Ya sake ɓantara. Na ce masa ya isa haka, amana ce. Suka yi dariya suka buga mini hatimi. Kilishin kuwa na ce su ci, kada su zubar.

Magaji yana jirana a waje. Ya taho da sauri kamar zai rungume ni irin yadda na ga 'yan can suna yi, sai ya tuna, ya tsuguna a tsakiyar mutane ya gaishe ni yadda aka koya masa. Larabawa suna ta kallo. Na kama hannuwansa biyu na juya su, ina neman tabon sara. Babu.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa arewa, zuwa wani gari da ake kira Kinaitira, daga nan tasi ta kai mu wani ƙauyen masunta a daidai inda babban kogi yake shiga teku. Magaji yana haya a gidan wani tsohon masunci, Sidi Larabi, wanda kuma shi ke tuƙa wa 'yan makarantarsu kwalekwale. Tsohon yana ganina ya riƙe kafaɗuna ya sumbace ni a kunci, dama da hagu, gemunsa yana sukata. Na sandare. Magaji ya ce a hankali, "Baba, gaisuwa ce." Na ce, "Na gane. Ka gaya masa sau ɗaya ya isa." Tsohon kuma Alhaji yake ce mini. Sau uku na sa aka gyara masa cewa ban je Makka ba tukuna, bai daina ba, na ƙyale shi.

Abincinsu burodi ne da safe, burodi da rana, burodi da dare, da shi suke ɗiban miya kamar yadda muke yi da tuwo. Shayinsu na na'ana'a ne, sukari har ya yi kauri, ana zuba shi daga sama. Ranar Juma'a suka kawo wani abu kamar burabusko, da kabewa da nama a kai, kowa ya sa hannu a akushi ɗaya kamar a gida, wannan na ci na ƙoshi. Amma na ga ana sayar da dafaffen dodon koɗi a bakin titi, manya da gemu suna tsotsa. Wannan ban kusance shi ba. Da na zuba yajin gidanmu a miyarsu, Sidi Larabi ya nemi ɗanɗano, ya yi tari har da hawaye, matarsa tana yi masa dariya daga kicin.

Abu biyu suka ba ni mamaki. Na ɗaya, daminarsu da sanyi take zuwa, lokacin da mu muke cikin rani. Na biyu, masallacinsu. Bayan magariba suka zauna da'ira suna karatu baki ɗaya, da Warshu, irin wanda mahaifina ya koya mini, allon yaransu ma rubutunmu ne. Na shiga da'irar na yi karatu tare da su, ba wanda ya tambaye ni daga ina nake.

Kwana na biyu na ce a kai ni ga abin. Magaji ya kai ni wurin aikinsu, ɗaki ne mai tankuna, ya gabatar da ni ga malamarsa, Dakta Na'ima, mace ce mai kamar shekara hamsin, ba ta da yawan magana, abin da na yaba. Na ciro takardar Alhaji da littafina. A cikin tanki ga su nan kwance kamar igiyoyi. 'Yan can suna kiransa nun. Gaskiya kama dai akwai kama.

Dakta ta sa aka ciro ɗaya. Na ce a buɗe bakinsa. Harshe guda ne, gajere, ba reshe. Na rubuta. Na shafa jikinsa, santsi ne kamar tarwaɗa, ga fiffike biyu ƙanana a bayan kai, ga ƙofar da kifi ke shaƙar ruwa tana buɗewa tana rufewa. Na tambayi Sidi Larabi ko ya taɓa tsintar saɓarsa, ya ce shekara hamsin yana kogin nan bai gani ba. Na rubuta. Don tambaya ta uku na sa yatsana a bakinsa da kaina, Magaji yana cewa "Baba, Baba." Ya cije ni, ya yi zafi kaɗan kamar ƙaiƙayi. Na duba agogo, na zauna awa ɗaya cur. Yatsa bai kumbura ba. Na rubuta.

Ana cikin mayar da shi sai ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Wallahi sai ga shi yana jan ciki a kan siminti, yana lanƙwasa, ya nufi ƙofa. Na ɗaga ƙafafuna kan kujera ban sani ba. Dakta ta ce haka suke, in ƙasa tana da laima suna iya ƙetare ciyawa daga wannan ruwa zuwa wancan, amma in suka bushe sai su mutu. Magaji ya ce, "Baba, wannan ba sai ka rubuta ba." Na ce, "An tambaya." Na rubuta yadda na gani.

Sai na karanta ta biyar. Magaji ya dubi malamarsa, ita kuma ta yi ɗan murmushi ta ce, ya fassara mini, "Ka gaya wa mai tambayar nan ya taɓo abin da ya gagari masana tun zamanin da. Ba wanda ya taɓa ganin ƙwan wannan kifi a inda yake yinsa."

Na ce ban gane ba. Magaji ya ɗauko faranti mai faɗi ya cika da ruwa, ya ce wannan teku ne, nan gefen Maroko ne, can gefen Amurka. Ya ce kifin yana girma a kogi shekaru da yawa. In ya isa haihuwa sai ya daina cin abinci, ya fita teku, ya nufi wani wuri mai zurfi can kusa da Amurka, daga nan ba ya dawowa. An san wurin ne kawai don a nan ake kamo 'ya'yan mafi ƙanƙanta, amma uwa tana ƙwai, ko ƙwan kansa, ido bai taɓa gani ba. 'Ya'yan kuma ba su kama da iyayensu, siffarsu ta ganyen darbejiya ce, garau kamar ruwa, ba su da ƙarfin iyo mai nisa.

Na ce, "To wa ke kawo su nan?"

Ya marmasa busasshen ganyen shayi a gefen Amurka, ya sunkuya ya hura iska a gefe ɗaya. Ruwan ya fara zagayawa, ganyen ya bi. Ya ce, "Akwai koguna a cikin teku, Baba, ba su da gaɓa, amma suna gudu. Iska da zafin ruwa da sanyinsa ke tura su. Su ke goyo 'ya'yan nan, ana jin shekara biyu ko fiye, har su kawo su bakin ƙasa." Sai ya sauya inda yake hurawa kaɗan. Ganyen ya kauce, ya taru a tsakiya yana juyawa, kaɗan ne ya kai gefenmu. Ya ce, "Wata shekara iskar tana yin haka. Kogin ya karkata ko ya yi sanyin gudu, su daɗe a hanya, abincinsu ya ƙare. Kuma ruwan da ake haihuwarsu yana ƙara ɗumi, abin da suke ci yana raguwa. Aikina shi ne in ƙirga waɗanda suka iso kowace shekara, mu gwada da yadda iskar ta kasance lokacin da suke hanya."

Wannan na gane shi sarai. Shamuwa ma iskar damina ke kawo ta, shekarar da iska ta makara ita ma sai ta makara. Amma ganewa ba ita aka aiko ni nema ba.

Da muka koma gida Magaji ya ce, "Baba, ka ce masa a ruwa yake ƙwai. Ai gaskiya ne."

"Zan faɗa. Saura rabin tambayar. Ka ga ƙwan?"

"A'a."

"Ni ma ban gani ba."

"Baba, wa zai sani a Kudan? Rukayya fa..."

Na ce, "Ni zan sani. Ka rufe wannan magana."

Ya fita tsakar gida. Na leƙa ta taga na gan shi zaune da ƙunshin mazarƙwaila a cinya, bai ci ba. Sai na yanke shawara. In ba zan ga ƙwai ba, zan ga 'ya'yan suna fitowa daga teku da idona, don abin da ya fito daga teku ba a ramin gara aka haife shi ba. Saura kwana bakwai jirgina ya tashi. Matsalar ita ce 'ya'yan ba su iso ba. Dakta ta ce lokacinsu ya yi har ya gota.

Suna da tarko a bakin kogi, na raga mai ƙananan ido kamar gidan sauro. Kowace safiya bayan asuba ake dubawa. Na ce da ni za a riƙa zuwa.

Ranar farko na yi kuskuren da har yanzu ake mini dariya. Akwai laka tsakanin tudu da kwalekwale. Na cire takalmana, na fata, sababbi, waɗanda na saya a Zariya don tafiyar, na jera su a kan busasshen yashi taku ashirin daga ruwa, kamar yadda kowa ke yi a rafin garinmu. Muka shiga muka duba tarko, ba komai sai ciyayi da ƙaguwa. Muka tsaya gyaran igiya. Da muka juyo sai na ga ruwan kogi yana gudu baya, yana hawa inda ya fito. Na ce a'uzu billahi. Inda na ajiye takalma ya zama tsakiyar ruwa. Na hango ƙafa ɗaya tana tafiya cikin ƙasa, tana nufar duwatsu.

Sidi Larabi ya yi dariya har ya saki filafili. Ya ce a gaya wa Alhaji, wato ni, takalminsa ya nuna masa hanya. Teku yana cika sau biyu a rana, ya tura kogi baya, sannan ya janye. 'Ya'yan nun haka suke shiga. In teku ya taso sai su hau ruwan ya kai su gaba, in zai janye sai su nutse su laɓe a laka, su jira na gaba. Ya ba ni wasu takalma rawaya masu tsinin baki irin nasu. Su ne waɗanda kuka ga na dawo da su, ba gayu ba ne.

Rana ta biyu, babu. Ta uku, babu. Sanyi yana shiga ƙashi, yatsuna ba sa riƙe biro. Magaji ya ce in zauna a gida, in sun zo zai kira ni. Na ce ba a aiko ni in ji daga bakinsa ba. A kwalekwale Sidi Larabi yake ba ni labari cewa yana yaro da bokiti ake kwasarsu, har kaji ake zuba wa. Na tambaye shi me ya cinye su. Ya ƙirga da yatsu: madatsun ruwa sun tare musu hanya, dattin gari, masu kamawa a ɓoye su sayar waje, sannan ya nuna teku ya ce shi ma ya canza, iskar da ya sani tun yana yaro ba ta zuwa a kan lokacinta. Na ce mu ma haka, da muna shuka da ruwan farko, yanzu wanda ya yi haka sai ya sake shuka. Ya gyaɗa kai. A nan ba mu buƙaci mai fassara ba.

Rana ta huɗu aka fara ruwan sama, aka yi kwana biyu ana yi. Kogi ya yi ja. Dakta ta ce wannan alheri ne, ƙanshin ruwan daɗi yana kiran su daga teku, kuma wata ya kusa ɓata, teku zai cika sosai. Amma ta ƙara da cewa wanda bai iso bakin ƙasa ba, ba ƙanshin da zai kira shi. Rana ta biyar tarko ya cika da shara. Magaji ya zauna yana tsince ta daga raga. Na ce masa in ta kama in ɗaga tafiya zan ɗaga, in sayar da bijimi na biyu ta waya.

Rana ta shida, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, ni da Magaji da Sidi Larabi. Aka juye tarko a farin bokiti. Na leƙa na ce babu. Magaji ya ce, "Baba, ka sake dubawa." Na sa tabarau. Sai na ga ɗige-ɗige baƙaƙe biyu-biyu suna yawo a ruwa. Idanu ne. Jikin garau yake kamar zaren gilashi, tsawon ɗan yatsa, siffar ganye ta riga ta tafi. Na ɗebo ɗaya a tafin hannuna, ina ganin layin tafina ta cikin jikinsa. Wannan abin ne ya ƙetare tekun da jirgi ke gajiya a kansa, ba uwa, ba guzuri. Na ce subhanallahi. Na ƙirga su da kaina sau biyu, talatin da huɗu. Na ɗanɗana ruwan da ke hawowa, gishiri ne. Na rubuta.

Na nemi a ba ni ɗaya a kwalba in kai Kudan. Dakta ta ce doka ta hana fita da shi, don ya yi ƙaranci. Ban ja ba. Aka auna su, aka sake su a sama da tarko, suka ci gaba da tafiyarsu.

Na dawo ranar Lahadi. Ranar Laraba, ƙarfe goma na safe, na isa zauren Alhaji Tanimu a Kudan. Akwai shi, da Malam Audu, da limaminsu, da Garba. Bayan gaisuwa na buɗe littafi. Na karanta ta farko, ta biyu, na nuna yatsana a ta uku. A ta huɗu na faɗi yadda ya ja ciki a siminti. Malam Audu ya ce, "To, kun ji!" Alhaji ya ce, "Yi shiru, Audu. Tarwaɗa ma tana yi, na sha tsintarta a cikin rake."

Na ce, "Ta biyar. A ruwa yake haihuwa, can tsakiyar teku. Amma ƙwan ban gani ba. Magaji bai gani ba, malamarsa ba ta gani ba. Ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa gani."

Garba ya taka mini ƙafa.

Alhaji ya ce, "Biyar muka ce, Malam Haruna."

"Biyar muka ce. Huɗu da rabi na kawo. Da na so sai in ce na gani, fari ne kamar gero, daga nan har Kano ba mai ƙaryata ni. Abin da na gani shi ne 'ya'yan suna shigowa daga ruwan gishiri, talatin da huɗu." Na ba su labarin farantin da iskar da safiya shida.

Alhaji ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Shekara biyu a ruwa, ba uwa?"

"Ba uwa."

"In iska ta saɓa, shi ke nan?"

"Shi ke nan. Abin da yaron yake ƙirgawa ke nan."

Ya dubi ƙafata. "Waɗannan takalman kuma fa?"

Na ba shi labari. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce kogi mai komawa baya, wannan ko a wa'azi bai taɓa ji ba. Da ya natsa sai ya miƙo hannu na ba shi takardarsa. Ya ɗauki biro ya soke tambayoyi huɗun farko, ya zagaye ta biyar, ya mayar mini.

Ya ce, "Wannan ta tashi daga kanka. Ka kai wa surukina, ka ce ina jiran amsa, ko shekara nawa za ta ɗauka. Liman, duba mana wata mai kyau bayan ƙaramar salla."

Garba ya ɗauke ƙafarsa daga kan tawa.

To, wannan shi ne labarin, ban ƙara ba, ban rage ba. Yanzu ga buƙatata gare ka, kai mai karanta wannan. Ka buɗe wayarka. In hoton nan yana ciki da wancan rubutu a ƙarƙashinsa, ka goge. Sannan ka duba mutum nawa ka tura wa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka tura musu wannan takarda daga farko har ƙarshe. Kada ka tsallake kowa.